Itatuwan Gawo Uku Da Na Sa Kawuna Ya Sare

A lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramin malami ne a wata jami'a, ina koyarwa a sashen gandun daji da kula da albarkatun ƙasa. Shekarata shida a mataki ɗaya. Duk sanda na nemi ƙarin girma sai a ce takardun binciken da na wallafa ba su isa ba, alhali ba kuɗin bincike, ba motar fita daji, ga ɗalibai maƙil a aji har wasu na leƙe ta taga. Albashi ko tsakiyar wata ba ya kai mu. Ba don in wanke kaina nake faɗin wannan ba, sai don a san irin zuciyar da na tafi ƙauye da ita.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta ƙasar waje ta ba sashenmu ɗan tallafi, a gwada dasa itacen turare, dogon nan mai saurin girma, a cikin gonakin hatsi, a ga ko zai tare iska ya kuma samar wa manoma itacen girki. Aka ce a nemo gona. Nan take na tuna da kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. A can babu filin banza, gona na jikin gona. Tasa guda ɗaya ce tal, ita ke ciyar da gidansa, kuma a tsakiyarta akwai manyan gawo uku tun na kakanni.

Tsarin gwajin ya ce dole filin ya zama babu wani itace a ciki, in ba haka ba sakamakon ba zai karɓu ba. Da na gaya wa Kawu sai an sare gawon, sai ya tuna mini cewa gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, a ƙarƙashinsa zangarniya ta fi kauri, da rani kuma 'ya'yansa ne abincin awaki. Abin haushin, duk na san wannan. Ni da hannuna nake rubuta shi a allo, ina ba ɗalibai maki a kansa. Amma na shiga zuba masa bayani ina cusa Turanci, na ce nan da shekara uku zai fara sayar da itacen rufi, kuma ƙungiyar za ta riƙa ba shi taki duk damina. Daga ƙarshe ya ce, "To, ɗana, kai ka yi karatun abin. Mu gani kawai muka yi." Ranar da masu gatari suka zo bai leƙa gonar ba.

Shekarar farko taki ya zo, gero ya yi dama-dama. Ta biyu ƙungiyar ta tattara ta tafi, wai sun canza manufa. Sai kuma muka shiga yajin aiki, aka tsayar mana da albashi wata da watanni, ko kuɗin motar zuwa auna itatuwan ba ni da shi. Damina ta zo da ƙarancin ruwa. Turaren ya miƙe abinsa, saiwarsa ta shanye ɗan danshin da ke ƙasa, geron da ke tsakanin layukan ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Maƙwabta masu gawo sun ɗan samu na zubawa a rumbu, Kawu kuwa abin da ya girbe bai kai shi tsakiyar rani ba. Awakinsa suka rame, aka sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Dattijon da ya haura sittin ya koma ƙwadago a gonakin noman rani na madatsar ruwa ta Watari, yana dasa wa wasu albasa.

Ban ji wannan daga bakinsa ba, matarsa ce ta aiko aka gaya mini. Da na je, na same shi yana haƙe kututturen turare da diga, don ko an sare shi sai ya sake tsirowa. Na karɓi digar na yi ta sara har tafin hannuna ya fashe. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Abin da kawai ya tambaye ni shi ne ko an ba ni girman da nake nema. Na ce a'a, takardar ma ba ta rubutu ba, tunda awon ya yanke a tsakiya. Ya ce, "Ashe mu biyu muka yi asara," ya karɓi digarsa ya ci gaba.

Kawu ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Har yau ina koyarwa, kuma har yau ana matsa wa ƙananan malamai su wallafa takardu ba tare da an ba su filin gwaji ko abin aiki ba. Wannan yana ƙona mini rai, amma ba jami'a ce ta je ta zauna a gaban Kawu ta shawo kansa ba, ni ne. Don haka nake jan kunnen masu shigowa wannan aiki: kada ku yi gwaji a gonar da gida ya dogara da ita, kuma in manomi ya yi muku shiru kada ku ɗauka ya gamsu, sau da yawa kunyarku yake ji. In gwaji ya lalace, kai takarda ka rasa, kana iya rubuta wata baɗi. Shi tuwon 'ya'yansa ya rasa.