Uwaliya, Telar da Ke Rage wa Kanta Ciniki

Da gari ya waye a Kara, Uwaliya takan share tsakar gida, ta jawo keken ɗinkinta ƙarƙashin rumfa, ta ɗiga masa mai, ta yi bisimilla. Shekara ashirin ke nan tana haka. A watannin da ake buɗe manyan makarantu, tabarmarta ba ta rabuwa da 'yan mata masu shirin tafiya, kowace da ƙullin atamfa. Da yawansu sukan fita da rabin kayan ba a yanka ba.

Dalilin haka tsohon ciwo ne. Uwaliya 'yar gidan malamai ce, kuma ta taɓa shiga kwalejin horon malamai a Kano a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu da madara suka zama abin bin layi. Mahaifinta ya damƙa mata kuɗin shekara guda a hannu. Takalmi, turare, ankon ƙawaye, kafin zango na biyu babu ko kwabo. Kunya ta hana ta faɗa masa. Ta ce ciwo ne ya dawo da ita, kuma ba ta sake komawa ba.

Ummu Hani, 'yar Malam Habu na Masanawa, ita ta ba ni labarin nata zuwan. Babanta ya sayar da bijiminsa na huɗa don ta je Zariya karatun unguwarzoma. Ta zo da turmi biyar.

"Inna, so nake a ɗinke su duka kafin Asabar."

Uwaliya ta dube ta. "Makaranta za ki, ko gidan biki? Nawa ya rage bayan kuɗin makaranta?"

Ta faɗa.

"Zangon wata nawa ne?"

"Huɗu."

"To zube su nan, ki raba gida huɗu in gani."

Ummu Hani ta raba a kan tabarma. Da ta ga ƙanƙantar kowane kashi sai ta sake ƙirgawa.

"A cikin wannan za ki ci, ki yi wanki, ki sayi takardun karatu," in ji Uwaliya. "Biyu zan ɗinka. Ukun ki mayar wa mai kanti, ki auno gero da wake, ki sayi manja da ƙuli-ƙuli. Wadda ke dafawa da kanta ba ta roƙo. Kada ki ba kowa rance a watan farko, ba ki san halin kowa ba tukuna. Anko kuwa ki ce ba ki da shi, ba a taɓa korar ɗaliba don ta ƙi anko ba. Wanda duk ya ce kawo dubu ya mayar miki dubu biyu, ki yi masa sallama ki wuce. In kuma kuɗi sun ƙare, babanki za ki fara gaya wa, ko da zai yi faɗa. Kada ki kai kukanki wurin wani mai mota."

Ummu Hani ta tafi tana hawayen haushi, har ta ce wa mahaifiyarta tsohuwar nan baƙin ciki take yi mata. Ranar karɓar ɗinki, Uwaliya ta sa Ummu Hani ta ware kuɗin motar dawowa. Uwaliya ta naɗe su, ta ɗinke a cikin kalmasar hijabin yarinyar. "Waɗannan ba naki ba ne, na direba ne. Ki manta da su."

A wata na uku aka yi hatsaniya a makarantar, aka ce kowa ya bar ɗakin kwana kafin la'asar. Tasha ta cika da ɗalibai, wasu na neman mai sayen rishonsu, wasu na zaune kan akwati suna kuka. Ummu Hani ta sa reza ta farke kalmasar. Ta tarar da ninkin abin da ta bayar. Ashe Uwaliya ta haɗa da ladan ɗinkin da aka biya ta, ba ta ce komai ba. Da shi Ummu Hani ta biya wa kanta kuɗin mota, ta biya wa Zaituna, wata 'yar Kabo da ba ta da ko na ruwa. Kafin magariba kowace tana gidan ubanta.

Inna Uwaliya, ke ce wadda aka zo biya ta ce a rage. Ke ce kika tona asirin kanki gaban yara sa'o'in 'ya'yanki don kada su bi inda kika bi. Da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya tashi neman hijabi, teloli suka ƙara farashi, ke kuwa kika bar wa ɗalibai yadda yake. Daga Jama'a har Masanawa akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da suka gama karatu da kaya kala biyu da shawararki.

Yanzu idon Uwaliya ya fara gajiya, zare ba ya shiga allura sai da taimako, ta ce bayan Sallah za ta ajiye keken. Da na gaya mata zan rubuta wannan, sai ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Ni me na yi? In za ka rubuta, ka ce wa iyaye su zaunar da yaransu kafin su miƙa musu kuɗi. Ni ba wanda ya zaunar da ni."

Ga saƙon na isar, iyaye. Ku ma 'yan kasuwa da masu sana'a, in ɗalibi ya tsaya gabanku da gumin ubansa a hannu, ku gaya masa gaskiya ko da cinikinku zai ragu. Mun gode, Inna. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya sa ki tarar da ladan a inda ba a rage wa kowa.