Ƙusoshi Uku a Bangon Auta

Auta ake ce mata a gida, sunan kuma ya bi ta har ofis, duk da ita ke jagorantar masu haɗa manhaja a kamfanin yayanta. Ta taso ba ta iya ce wa babba a'a ba. Shi kuwa Yaya mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ya fi hannunsa sauri. Duk mai shagon da ya kira shi kan manhajar da suke haɗa masa, amsar ɗaya ce: an gama.

Makaminsa kalmar "ɗan". Zai leƙo ɗakin aiki, waya a kunne, ya ce, "Auta, ku ɗan taɓa wannan." Ɗan gyara, ɗan ƙari, ɗan canjin launi. Da wannan ɗan aka tara ayyuka rututu, kowanne an soma, babu wanda aka kai ƙarshe.

Ranar da Dogo, gwanin da aikin ya dogara a kansa, ya cusa kofin shayinsa a jaka, Auta ta san akwai matsala. Kofin nan bai taɓa barin teburin ba.

"Anti, ba yawan aiki ne ya dame ni ba," in ji Dogo. "Na manta rabon da in gama abu. In haka za a ci gaba, ni tafiya zan yi."

Ta zauna ta auna hanyoyi biyu. Ta farko, a ɗebi aikin zango guda, wato na ƙayyadadden lokaci, a rufe ƙofa, duk abin da ya zo ya jira zango na gaba. Tsarin ya burge ta, amma ta san mutanenta. Mai shagon da manhajarsa ta tsaya ba zai jira ba, Yaya kuwa ko ta taga sai ya shigo. Ta biyu, ƙofa a buɗe, amma a ƙayyade ayyukan da ke hannu. Ita ta zaɓa. Ta aro guduma ta buga ƙusoshi uku a bango, ta rataya wa kowacce katin aiki ɗaya.

Ba a jima ba Yaya ya leƙo. "Auta, wani ɗan..."

Auta ta miƙe. "To, Yaya. Sai dai ƙusoshin sun cika. Cire ɗaya da hannunka, ka kira mai shi ka ce ya jira."

"Ni za ki kafa wa doka? Ni da na ɗauke ki a kafaɗa?"

"Ka ɗauke ni, Yaya. Amma sai da ka sauke wani tukuna."

Ya matsa ya duba katunan. Kowanne alkawarinsa ne. Ya kai hannu kan na tsakiya, ya janye, ya sosa ƙeya.

"Idan ƙusa ta samu, ki kira ni," ya ce, ya fita.

Auta ta zauna, ba ta yarda ta dubi kowa ba. Sai ta ji an ajiye kofi a kan tebur a bayanta.

"Anti," in ji Dogo, "a ɗan sa mana ruwan zafi."