Ranar da Rumasa'u Ta Ɗage Zana

Rumasa'u ta shigo ƙasar Makka a wajajen 1931, tana da shekara goma sha uku, cikin ayarin da ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya ratsa Cadi da Sudan. Iyayenta sun rasu a hanya. Madugun ayarin, wani mai suna Wada, ya ce shi ne ubansu yanzu, ita da ƙanwarta Baraka. Suna sauka Jidda ya sayar da su, kowa gida daban. Ba a sake jin labarin Baraka ba.

Shekara tara Rumasa'u tana bauta, kafin uwargijiyarta ta 'yanta ta. Ta koma unguwar Mansur a cikin Makka, inda mutanenmu suke, ta kama sayar da soyayyar gyaɗa. A wajen ɓarar gyaɗar nan aikinta ya samo asali. Wata budurwa maƙwabciyarta ta daina magana tun da kwalekwale ya kife da mahaifiyarta a teku. Rumasa'u ta zaunar da ita suna ɓara, ba ta kallonta, ba ta tambayarta komai. A mako na uku yarinyar ta fara ba da labari.

Daga nan aka riƙa kawo mata masu ciwon zuciya: samarin da tsoro ya hana su fita, matan da kuka ya ƙi barinsu, 'yan dakon Mina da suka daina cin abinci. Ba ta ba da rubutu, ba ta turare. Tabarma ce da kwandon gyaɗa da kunne. Doka ɗaya take da ita, kowa ya san ta: abin da aka faɗa a kan tabarmar nan ba ya fita.

A 1954 wani dattijo ya yi sallama. Yana da gida a unguwar Zahir, yana jagorantar alhazai, ana tashi a ba shi wuri a majalisa. Ta gane shi tun daga murya: Wada ne. Shi bai gane ta ba.

"Hajiya, an ce ke ce mai maganin da ba a sha," in ji Wada.

"Zauna, Alhaji. Ka iya ɓara, ko sai ci?"

Ya yi dariya, ya zauna. Ya ce yara yake ji suna kiransa, ko a tsakiyar ɗawafi. Malamai sun yi iya yinsu.

"Yaran wa?"

"Wallahi ban sani ba."

"To, tayyib. Ka dawo jibi."

Ya zo sau uku. A na ukun ya fara ambaton yaran da ya sayar: Idris ɗan Gumel, Rabi mai tabo a goshi, wasu 'yan mata biyu marayu daga Haɗeja. Ya ce ƙaramar an yi da ita Yaman. Rumasa'u ta ci gaba da ɓara har kwandon ya ƙare. Wada ya ce rabonsa da jin sauƙi irin na ranar ya fi shekara goma.

Kafin zuwansa na huɗu ta bi gida-gida. Ta tara mutum goma sha ɗaya a bayan zanar da ta raba tsakar gidanta, duk waɗanda suka rasa ɗa ko ƙani a hanyar hajji, har da limamin unguwa. Da hantsi Wada ya zo, ya maimaita sunayen, ya ƙara wasu. Sai ta miƙe ta ɗage zanar.

"Madugu, ka manta ɗaya. Babbar cikin marayun nan, sunanta Rumasa'u."

"Amana fa, Hajiya!" ya ce.

"Kai ne za ka koya mini ita?"

Ba wanda ya taɓa shi. Amma daga ranar ba a sake amsa sallamarsa a Mansur ba, alhazan ƙasarmu kuma suka daina sauka a hannunsa. Muryoyin suka dawo masa. Ya rasu bayan shekara biyu, a kulle a ɗaki.

Rumasa'u ma ba a sake kawo mata kowa ba. Liman da kansa ya ce mata ta yi gaskiya, amma ba zai turo mata 'yarsa ba. Ta ce ta san da haka tun kafin ta tara mutane, kuma da Wada zai dawo, da ta sake yin haka.