Kawu Sajo, Wanda Ba a Roƙa Wa Gafara Ba

"Ki daina cewa Allah ya gafarta masa, Safara'u," in ji Goggo Asama'u, tana miƙo mini ƙwaryar fura. "Gafarar me? Mutumin da aka ɗauke wa alƙalami tun yana saurayi? Cewa ake yi ya huta."

Haka aka tarye ni a gidanmu na bayan Ɗanzomo, Kawu, bayan an riga an binne ka. Ka rasu ranar Talata, 14 ga Afrilu, 1987, bayan azahar, kana da shekara tamanin da 'yan kai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna cikin masu gaisuwa har la'asar ina saurare. An ce ka huta, an ce ba ka da hisabi. Ban ji wanda ya roƙa maka gafara ba, domin ba a roƙa wa mahaukaci ita.

Kai yayan kakata ne, ita ta ba ni labarin. A 1924 ciwon bushiya ya kashe shanun mahaifinku. Ka daina barci, ka ce kana jin kukansu. Ka taka har kasuwar Maigatari kana kiran matattun shanu da sunayensu. Ba zan ɓoye ba, ciwo ka yi. Dogarai suka kai ka Gumel, aka yi rashin sa'a wani likita Bature yana rangadi.

Bai daɗe a kanka ba. Ya sa tafinta ya tambaye ka sunan mahaifinka, alhali tsohon yana tsaye a gefe. Ka sunkuyar da kai, ka yi shiru. Aka ajiye maka abinci a gaban manya, ba ka taɓa ba. Ya soka maka allura a hannu, ko gezau ba ka yi ba, kai da ka sha bulala a sharo kana murmushi. Likita ya rubuta: ba ya magana, ba ya ci, ba ya jin zafi. Duk tarbiyyar da aka yi shekaru ana ba ɗan Fulani, likita ya lissafa ta cikin alamomin cuta. Ya kira ta dimenshiya firikos, wato lalacewar hankali tun da ƙuruciya. Tafinta ya taƙaita wa mahaifinku: "Ba ya warkewa. Kullum sai abin ya ƙaru."

Damina ɗaya ka yi a turu, muryoyin suka tafi, ba su dawo ba. Maganar likita kuwa ta zauna. Aka fasa ba ka yarinyar da aka yi maka alkawari. Da garke ya sake taruwa, ƙanenka Ya'u aka danƙa wa rabonka ya riƙe maka, har ya mutu yana riƙewa. Ba a karɓar shaidarka. In ka yi dariya, a ce ya motsa. In ka yi shiru, a ce ana jira. Mutanenmu ba su yarda da Bature a kan haraji ko makaranta ba, amma a kanka sun gaskata shi fiye da shekara sittin.

Ni abin da na sani daban ne. Kai ke ɗaukata a wuya ka tsallakar da ni fadama zuwa makaranta, ka koma a jiƙe. Ɗan maraƙin da uwarsa ta ƙi, ɗakinka ake kai shi. Lokacin farin da aka yi a shekarun baya ka riƙa raba tuwonka da wata tsohuwa da ta gangaro daga Damagaram, har aka ce ga shaida nan, mai hankali ba ya haka. Sallar jam'i ba ta wuce ka, kullum a sahun ƙarshe.

Ranar da zan tafi jami'a ka raka ni bakin hanya, ka ce, "Yarinya, in kin je ki tambaye su ko an sake magana a kan ciwon nan."

Na tambaya. Wani likita Bajamushe ne ya yayata sunan ciwon, da hukuncin cewa mai ciwon ƙara lalacewa yake yi. Tun kana yaro wani likitan a Turai ya ce ba kowa ke lalacewa ba, ya sauya sunan zuwa sikizofiriniya. Wato tun kafin a yanke maka hukuncin, masu shi sun fara ja da baya. Gyaran ne bai samu mai kawo shi Gumel ba. Da na gaya maka, ka ce, "Madalla. To wa zai gaya wa mutanen gidan nan?" Na gaya musu. Suka ce boko ke nan.

Bayan zaman makokin nan, da safen da zan koma na tsaya a tsakar gida, na faɗa da ƙarfi: Allah ya gafarta wa Kawu Sajo. Babu wanda ya ce amin. Goggo ta ce, "'Yar nan, kada ki ɗora masa kayan da Allah ya sauke masa." Da ƙauna ta faɗa, shi ya fi ciwo.

Na ɗora maka, Kawu. Ka yi fushi, ka taɓa yin gulma, ka ƙullaci Ya'u, kamar kowane mai hankali. Ya Allah, ka yafe masa kurakuransa, ka karɓi sallolinsa, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina yi wa Goggo Asama'u da 'ya'yan marigayi Ya'u da dukan dangi ta'aziyya. Allah ya ba mu haƙuri, ya yafe mana mu ma.

Na leƙa ɗakinka. Har an jingina buhunan gero a inda tabarmarka take. Na ja ƙofar ta rufu, na kama hanyar tasha.