Ranar da na sace katakon 'yata

Ni da na baro Kano da burin in ga 'yata ta zama likita, sai Allah ya ba ni mai hawan katako. Katako dai mai ƙananan tayoyi a ƙasa, irin wanda yaran New York ke tsayawa a kai suna tsere a gefen titi. Tun tana firamare ta ɗauke shi, har ta shiga kwaleji ba ta ajiye ba. A unguwarmu ta University Heights akwai matan da ba su san ni da komai ba sai uwar yarinyar nan mai hijabi da katako. Na yi faɗa har na gaji. Amma in ta dawo daga filin wasansu, gwiwa duk a ƙuje, sai ta cika mana gida da surutu da dariya, ta cinye tuwon mutum biyu.

A filin akwai wani ramin siminti mai zurfi, kamar ƙatuwar ƙwarya. Mutum da hankalinsa zai tsaya a bakinsa ya sako kansa ciki. A nan ta faɗi ta karya hannu. Aka ɗaure, ya warke, likita ya ce ta koma wasanta. Ta koma ɗin. Wata ƙawarta ce ta ba ni labari daga baya, wai ta tsaya a bakin ramin kowa na kallo, ƙafa ta ƙi motsi. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ɗauki katakon ta dawo gida ta tura shi ƙarƙashin gado.

Da farko har hamdala na yi. Sai dai abin bai tsaya a katako ba. Ta daina zuwa aji, ta daina ɗaga waya, labulen ɗakinta kullum a sake. In na kai mata abinci sai ta tsakura ta mayar. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, na sha ganin wanda ya juya fuska ga bango ya daina sha'awar komai, kuma na san ba ya ƙarewa da daɗi. Ganin haka a fuskar 'yar da na haifa ya tsorata ni ƙwarai.

"Ke, me ke damun ki?"

"Ba komai, Umma. Lafiya lau."

Ina zan kai ƙara? Mu muka koya mata. A wurinmu ko gidanka na cin wuta, in an gaishe ka lafiya lau za ka ce. Na ce mu je ta ga masu sauraren damuwar mutane a asibiti, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce. Babanta ya ce a ƙyale ta, zai wuce, ya ɗauki makullin tasinsa ya fita. Maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi, ta zo da turaren hayaƙi ta ce iska ce. Muka turara gidan har ƙararrawar gobara ta tashi, yarinya ko leƙowa ba ta yi ba.

Sai na zauna na yi tunani. Me ya rage da zai iya fito da budurwa daga ɗaki? Ba lallashi ba, ba faɗa ba. Abin da ya rage shi ne uwarta ta je ta ba ta kunya a gaban ƙawayenta.

Ranar Asabar da hantsi ta shiga wanka, na durƙusa na zaro katakon. Na ci ado da leshin da nake zuwa biki, na sa takalmin aikina na roba, na ɗora hular kwanonta a kan hijabi. Hajiya ta kalle ni ta dafe ƙirji.

"Ei, Hajiya! Kin samu taɓi ne?"

"Ke dai ɗauko wayarki ki biyo ni. Bidiyo za ki ɗauka."

A filin na tarar da 'yan ƙungiyarsu, mata zalla, zaune a ƙasa sun yi da'ira. Shugabarsu wata doguwa ce mai askakken kai, ta gane katakon kafin ta gane ni. Ta tambaye ni ina 'yata, na ce tana nan tafe, ni na zo koyo ne. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce in zauna, don su ba sa hawa sai kowa ya faɗi inda hankalinsa yake a ranar. Wai wanda jikinsa ke kan katako zuciyarsa na wani wuri, shi ke karyewa.

Suka rufe ido suna jan numfashi a hankali. Ni ido ɗaya na rufe, ɗayan na kan jakata. Sannan aka fara zagaye. Wata ƙatuwa mai zane a hannu har wuya, wadda in na gamu da ita a jirgin ƙasa zan canja kujera, ta ce tun safe gabanta ke faɗuwa ba dalili. Wata ta ce iyayenta sun rabu, yau ba za ta hau ba, zama kawai ta zo yi cikin mutane. Ba wanda ya yi mata wa'azi. Sai suka bubbuga katakansu a ƙasa, wai yabo ke nan. Na ce a raina, ikon Allah, yaran nan tonon asirin kansu suke yi da rana tsaka.

Da aka zo kaina na gyara zama na ce, "Alhamdulillahi, lafiya lau. Gida lafiya, aiki da godiya."

Shugabar ta yi murmushi ta ce to, in taso.

Jama'a, abin nan ba shi da mutunci. Ina ɗora ƙafa ɗaya ya yi gaba, na janyo shi ya yi baya. Da ƙyar mata biyu suka tsayar da ni a kai, leshi na rawa. Hajiya na ɗauka tana salati tana dariya. Na ce ta tura wa 'yata bidiyon, ta rubuta mata cewa yanzu zan shiga ramin.

Ban san da gudu ta zo ba ko tashi ta yi. Ina dai cikin fama na hango ta, silifas ɗin banɗaki a ƙafa, hijabi a karkace. Rabon da in gan ta a hasken rana har na manta. Ta rame, wuyan nan duk ya fito.

"Umma! Don Allah ki sauka! Kowa na kallon ki!"

"Su kalla. Ai ke kin bar shi, ni na gada."

"Umma, ki sauka!"

"To ai ban iya sauka ba."

Wannan kam gaskiya na faɗa. Matan da ke riƙe da ni, munafukai, suka sake ni suka ja da baya. Dole ta miƙo hannu ta kama nawa. Nan take muryarta ta canja, ta zama ta mai koyarwa. Ta ce in lanƙwasa gwiwa, in daina kallon ƙasa, in kalle ta.

"Kin riƙe numfashi. Saki. Ja ta hanci, a hankali. Yauwa. Yanzu faɗi abin da kike ji."

"Ba komai."

"Umma, ba gaskiya ba ne. In ba ki faɗa ba jikinki zai sandare, ki faɗi ƙasa. Haka dokar take."

Na dube ta. Na zo ne da shirin tsokana, har na tanadi baƙar maganar da zan mayar, amma sai ta ɓace mini.

"Tsoro nake ji," na ce.

"To, ba laifi. Katakon ba zai…"

"Wa ke ta katako? Ƙofarki nake tsoro. Kullum na dawo aiki sai na tsaya a bakinta ina sauraro, in ji ko kina motsi."

Hannunta ya saki. Katakon ya ga dama ta samu, ya fice daga ƙarƙashina, na zube daɓas a kan siminti, hular kwano ta rufe mini ido. Hajiya ta kwarma ihu. Da na ɗaga hular sai na ga 'yata a durƙushe tana dariya, irin dariyar da ke hana mutum numfashi. Ban ankara ba dariyar ta juye kuka. Shugabar ta yi wa sauran alama, kowa ya ɗauki katakonsa ya ba mu wuri, har Hajiya ta mayar da wayarta jaka.

Ta zauna kusa da ni a ƙasa, ta kifa kai a kafaɗata.

"Umma, ba ni da lafiya. Ba hannun ba. Ko a kwance nake sai in ji kamar ina bakin ramin nan, ƙirjina ya toshe. Na kasa karatu, na kasa barci. Ina jin kunyar kowa. Wani lokaci ma ba na son gari ya waye."

Ƙuguna na zogi, leshi ya yage, zuciyata kuma kamar an tsaga ta. Bakina har ya ɗauko "yi haƙuri", abin da uwata za ta ce mini, abin da kakata ta ce mata. Na san ina faɗa za ta share hawaye ta ce to, ta koma ɗakin nan. Sai na haɗiye, na jawo ta jikina.

"Ina jin ki," na ce. "Ci gaba, ba inda za ni."