Sakamakon Malam Iliyasu

A duk shekarun da na yi ina rubuta manhajar kwamfuta, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda Sista Rifkatu ta zo ofishinmu na Funtuwa. Ku da kuka fara aiki kwanan nan ba ku same ta ba. Ita ce ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a ƙauye, can bayan Kafur, dattijuwa mai ƙarancin magana.

A lokacin ban daɗe da kama aiki a wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa ba. Ƙananan asibitoci daga Bakori, Dayi da Kafur suna aiko mana da jini a kan babur, mu auna, mu tura musu sakamako ta imel. Ni ne mai kula da kwamfutoci. Shugabarmu Hajiya Binta ce, wadda ta kafa wurin bayan ta yi ritaya.

Tsakiyar damina ce, masara ta fara bunni. Sista ta gaishe mu, ta ƙi zama, ta ce da Hajiya, "Na zo ne in gaya muku Malam Iliyasu ya rasu."

Hajiya ta yi salati, ta tambayi wane ne. Sista ta ce manomi ne, maƙwabcinta, wanda aka kawo jininsa makon da ya wuce. Gwajinmu ya nuna jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, a kai shi babban asibiti a Malumfashi a ƙara masa nan take. Mai gwajin ya tura saƙon tun da hantsi, ya kuma yi ta kiran waya, layi bai shiga ba. Can a asibitin Sista kuwa Malam Iliyasu ya ɗan ji dama, 'ya'yansa suka ga shiru, suka mai da shi gida. Sai washegari saƙon ya buɗe a kwamfutar asibitin. Kafin a sami mota a isa Malumfashi, rai ya yi halinsa.

"Ban zo ɗora wa kowa laifi ba," in ji ta. "Kwana ya ƙare. Amma ina so in san inda saƙon nan ya kwana."

Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam Nura, bi ta ka gano mana."

Muka hau mota zuwa Kafur, daga nan muka hau babur. Asibitin ɗaki uku ne. An kafa doguwar sanda a bayansa don kamo sabis, wanda yake zuwa ya ɗauke yadda ya ga dama. Na zauna gaban tsohuwar kwamfutar ina kallon yadda take karɓar saƙo, nan na ga abin da ya faru.

Bari in yi wa waɗanda ba sana'arsu ba bayani. Kowane imel kashi biyu ne. Akwai kan saƙo, wato 'yan layukan da ke faɗin wanda ya aiko, wanda aka aiko wa, lokaci da take, kamar rubutun bayan ambulan ɗin wasiƙa. Sai kuma cikin saƙo, inda bayani da hotuna suke. Kai ba shi da nauyi, ciki ne ke da nauyi. Manhajar da kamfanin da ya sayar da kwamfutocin ya saka tana jawo kowane saƙo ne gaba ɗayansa, bi da bi, yadda suka iso. In sabis ya yanke ana tsakiyar jawo wani, sai ta koma farkonsa. A ranar, wata sanarwar taron ƙara wa juna sani mai manyan hotuna ce ta riga sakamakon isowa. Ita kwamfutar ta wuni tana ja tana saki.

Na gaya wa Sista haka. Ta ce, "Hotunan taro."

Da na koma Funtuwa na nemi izinin Hajiya in rubuta wata manhajar. Tsarin da na yi shi ne, da zarar sabis ya leƙo, manhaja ta fara tambayar kan saƙonni kaɗai. Ko a cikin kan ma ba duka ba, don akwai tarin layukan da kwamfutocin hanya ke ƙarawa, waɗanda ba su amfani ma'aikaciyar jinya da komai. Mai aikowa, lokaci da take kawai za ta ɗauko, ta karanta sau ɗaya ta adana. Na kuma ƙara layi guda namu na kanmu, wanda mai gwaji zai cika da kalmar gaggawa. Duk saƙon da ke ɗauke da ita sai ya hau sama da jan rubutu, kwamfuta ta yi ƙara, tun ba a taɓa cikinsa ba.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Wata na'urar tana rubuta sunan layi da manyan baƙaƙe, wata da ƙanana. Take in ya yi tsawo sai a karya shi gida biyu, dole manhaja ta san yadda za ta haɗa. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa a rikiɗe suke tafiya, in ba a warware su ba, ko kalmar ƙauye ba za ka gane ta ba.

Inda muka sami saɓani shi ne abin da za a rubuta a taken. Sista ta so a sa sunan majinyaci da ciwonsa, don ta gani ta tashi. Hajiya ta ƙi.

"Kan saƙo a buɗe yake bi ta hannun mutane," in ji Hajiya. "Ba zan tallata ciwon kowa a hanya ba."

"Hajiya, ni kaɗai ce a wurin nan in yamma ta yi. Ba ni da lokacin bincike."

Kowacce da gaskiyarta. Aka tsaya a kan lambar katin majinyaci da abin da za a yi, misali a kai shi Malumfashi yanzu. Sista ta riƙa rubuta lambobin waɗanda ke jiran sakamako a allon bango kusa da kwamfutar.

Ranar da na je saka manhajar, Sista ta ce in zo mu yi wa iyalan mamacin gaisuwa. Babban ɗansa, Malam Hamisu, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Bayan addu'a ya dube ni ya ce, "Kai ne mai na'urar? An ce saƙon Baba ya zo, hanya ce bai samu ba."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Da mun sani da ba mu ɗauke shi ba. Cewa ya yi a kai shi ya ga gonarsa." Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "To, ku gyara saboda na baya. Allah Ya ba ku iko."

An gyara. Kafin kaka ta shigo an tsayar da wata mai juna biyu a bakin ƙofar asibitin, mijinta ya riga ya tayar da babur zai mai da ita gida, sai ga saƙon gaggawa a kanta. Amma ba ita nake tunawa ba in an yi maganar aikin nan.

A makaranta an koya mana cewa manhaja mai kyau ita ce mai sauri, wadda ba ta ɓarnar wuri. Gaskiya ne, sai dai ba a gaya mana saurin don wa ake yi ba. Kwamfuta ba ta san saƙon da ya fi wani ba, mu ne za mu gaya mata, kuma ba za mu sani ba muna zaune a ofis. Shi ya sa nake tura ku ƙauyuka kuna ƙorafin hanya. Ku je ku zauna inda sabis ba ya zama, ku ga fuskar wanda ke jira, sannan ku dawo ku rubuta.