Goggo Ta Koma Biro

Shekara ashirin da biyu Goggo ta yi tana buga takardu a ofis, tun zamanin tafireta har zuwan kwamfuta. In tana aiki, sai ka rantse ruwa ake yi a kan kwano. Da ta ajiye aiki ta shiga kwaleji karatun tarihi, 'yar ƙanenta ta kawo mata laftof sabo fil.

Mako guda ta yi tana zuwa aji da shi. Duk abin da malami ya furta sai ta buga, saura kaɗan ta buga har tarinsa. Ran Juma'a ya tambaye ta darasin Litinin, ta buɗe baki, ko kalma ba ta fito ba.

Da sabon mako ya kama, ta ɗauko littafi mai jan bango da biro biyu.

"Haba Goggo, ke da kika fi kowa sauri?" in ji 'yar ƙanen.

"Saurin ne ya cuce ni, 'yar nan. Biro ba ya kamo malam, dole in saurara in zaɓa. Wasiƙa dubu nawa na buga wa mutane, ko ɗaya ban riƙe ba. Wannan karatun nawa ne, a kaina zai zauna."